Ƴan Free Fire da ƴan PUBG: asalin rikicin, da abin da ya kamata iyaye da ƴan cin rani su sani



Duk wanda ke zama kusa da fadar samari a ƴan shekarun nan ya ji sunaye biyu suna yawo a bakin yara: Free Fire da PUBG, wanda suke kira Pubji. Wasanni ne na wayar hannu, kuma kowanne da magoya bayansa. Iyaye da dama na tambayarmu abin da ya sa yaran da suka tashi tare, suke shan shayi a buta ɗaya, za su riƙa zagin juna har su daina gaisawa a kan wasan da ba a ci, ba a sha. Ƴan cin rani kuma na tambaya ko wayar da suka aiko gida ita ce ta jawo fitina. Don haka muka tattara bayani wuri guda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wane irin wasa ne?

Duka biyun wasan harbi ne, kuma ba su yiwuwa sai da intanet. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Jirgin sama zai kwaso ƴan wasa ya ratsa da su saman wani tsibiri, kowa ya diro da lema inda ya zaɓa, hannu rabbana. Daga nan sai a shiga gidaje neman bindiga, harsashi, sulke da magani. Filin wasan yana ta tsukewa da kaɗan-kaɗan, wanda ya tsaya a wajen da'ira ƙarfinsa zai yi ta raguwa har ya faɗi, don haka dole a haɗu a tsakiya. Wanda ya saura a ƙarshe shi ne ya ci. Ana yi ɗaiɗai, ko bibbiyu, ko hurhuɗu.

Abin da ya kamata dattijai su gane shi ne, yawancin waɗanda ake fafatawa da su mutane ne na gaske, kowa riƙe da wayarsa. Wani yana Maroko, wani yana Masar, wani kuma yana bayan dangar gidanku. Ƴan ƙungiya ɗaya suna jin muryar juna kamar a kiran waya. Shi ya sa za ka ji yaro shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare yana ihu, "zo ka tashe ni!" ko "ga shi nan bayanka!" Ba gamo ya yi ba, da abokan wasansa yake magana.

Daga ina suka fito?

PUBG shi ne babba. Wani kamfanin Koriya ta Kudu, wanda yanzu ake kira Krafton, ya fitar da shi a 2017 don masu kwamfuta, kuma wanda ya tsara shi ɗan ƙasar Ayalan ne mai suna Brendan Greene. A watan Maris na 2018 aka fitar da na waya, PUBG Mobile, tare da babban kamfanin nan na China mai suna Tencent.

Free Fire ya fito a ƙarshen 2017. Wani ƙaramin kamfani a Biyetnam ya ƙera shi, kamfanin Garena na Singafo kuma ya watsa shi a duniya. Tun farko an yi shi ne don wayoyi masu araha. Wannan dabara ta ci: a 2019 shi ne wasan wayar da aka fi saukewa a duniya, a 2021 kuma ya wuce saukewa biliyan 1 a kasuwar Google Play. A watan Disamba na 2020 kamfanin ya sa Cristiano Ronaldo a cikin wasan da sunan Chrono, abin da ya ƙara jawo yara masu son ƙwallo.

Kada a raina girman abin. Gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021 an sa mata kyautar dalar Amurka miliyan 2, kuma mutane sama da miliyan 5 suka kalle ta a lokaci guda. A 2024 an yi babbar gasar wasannin bidiyo a Riyad ta Saudiyya, inda aka buga Free Fire da PUBG Mobile duka a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Inda suka bambanta

A PUBG mutum 100 ake zubawa a tsibiri, kuma wasa ɗaya kan kai rabin awa. Hotunansa sun fi kama da zahiri, bindiga tana girgiza in an harba, fili yana da faɗi, sai an yi haƙuri da laɓe. A Free Fire mutum 50 ne, fili ƙarami, wasa ɗaya minti 10 ne ko sama da haka kaɗan. Hotunansa sun fi kama da zane, kuma kowane jarumi da ake zaɓa yana da wata baiwa tasa, kamar saurin gudu ko warkar da rauni. Akwai kuma wata garkuwa da ake dasawa nan take don tare harsashi. In aka ci a Free Fire sai kalmar Booyah ta fito. A PUBG kuwa sai a yi wa mai nasara albishir da kaza a abincin dare.

Babban bambancin da ya shafe mu shi ne na waya. PUBG yana son waya mai ƙarfi, mai wuri da yawa, mai batir da ke jure aiki. In ka sa shi a ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno sai ta ɗauki zafi, hoto ya riƙa maƙewa, a harbe ka tun kafin ka ga mai harbin. Free Fire kuwa yana tafiya ko a ƙaramar waya, kuma da yake wasansa gajere ne, forfe kaɗan da caji kaɗan sun isa a yi zagaye biyu ko uku. A ƙauyen da sai an kai waya wurin mai fano an biya kuɗin caji, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Kamfanonin sun san da haka. Masu PUBG sun fitar da ƙaramin samfuri mai suna Lite a 2019 don kama masu ƙaramar waya, masu Free Fire kuma suka fitar da babban samfuri mai suna MAX a 2021 don kama masu babbar waya. Kowa na shiga gonar ɗan uwansa.

Me suke faɗa wa juna?

Ɗan PUBG zai ce: "Wanga wasa naku na yara ne. Ɗakunanku ko ƙofa babu, hotunanku kamar an zana da gawayi. Da kuɗɗi kuke cin nasara, ba da iyawa ba." Ɗan Free Fire zai mayar: "Ku ai matsorata ne, rabin awa kuna kwance cikin haki kamar damo. Mu kafin ku gama laɓe mun ci sau uku." Maganar ƙofa gaskiya ce, gidajen Free Fire ba su da ƙyauren da ake buɗewa, kuma wannan ba'a ta zagaya duniya, daga Indunusiya da Indiya har ta iso mana ta TikTok da Facebook. Akwai kuma kalmar bot, wato ɗan wasan da na'ura ke juyawa. In an ce wa yaro bot, an ce masa bai iya komai ba.

Da a nan aka tsaya, da sai mu ce raha ce. Amma ku saurari kalmar da ke biyo baya in gardama ta yi zafi: "Don ba ka da wayar kirki ne kake Free Fire." To a nan gizo ke saƙar. Yaron da yayansa ya aiko masa da babbar waya daga Aljeriya ko Libiya, da yaron da ya tara kuɗin ƙwadagon noma ya sayi ta hannu a kasuwar Cadawa, ba ɗaya suke ba, kuma dukansu sun sani. Sunan wasa ya zama mayafin da ake rufe gorin talauci da shi. Wanda aka yi wa gori kuwa ba zai ce an taɓa gidansu ba, sai ya ce an zagi wasansa, ya rama da abin da ya fi zafi. Mu a ganinmu wannan shi ne tushen yawancin rikicin: wa ke da shi, wa ba shi da shi.

Kamfanonin ma sun je kotu

Zargin cewa Free Fire kwaikwayo ne ba yara suka ƙirƙiro shi ba. A watan Janairu na 2022 kamfanin Krafton ya shigar da ƙara a wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana zargin Garena da kwafar fasalin PUBG: diro daga jirgi, irin makamai, tsarin fili da sauransu. Ya haɗa da Apple da Google saboda suna sayar da wasan a kasuwanninsu. Kamfanin Sea, uwar Garena, ya ce zargin ba shi da tushe. Tun a 2017 ma sun taɓa samun saɓani a Singafo suka sasanta.

Ga abin da yawancin masu gardama ba su sani ba. Kamfanin Tencent, wanda ke tafiyar da PUBG Mobile, yana da babban hannun jari a Krafton, yana kuma da babban hannun jari a Sea mai Free Fire. Ma'ana, ko wane ɓangare yaro ya zaɓa, wani kaso na ribar aljihu ɗaya yake shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan suna rigimarsu da lauyoyi a ɗakin sanyi, yaranmu kuma suna ɓata zumunci a bakin masallaci.

Ta ina kuɗi ke fita?

Sauke wasannin kyauta ne. Ribar kamfani tana fitowa ne daga abin da ake saye a ciki. A Free Fire kuɗin cikin wasa lu'ulu'u ne, a PUBG kuma UC ake ce masa. Da su ake sayen tufafin jarumi, ado na bindiga, rawa, da takardar shiga sahun masu samun kyaututtukan wata-wata. Mai kayan ado shi ne mai girma a gurup, wanda ba shi da su kuma shi ake yi wa dariya. Da yake yawancin yaranmu ba su da katin banki, sukan bi ta hannun dillalai: ka tura kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money, shi kuma ya loda maka lu'ulu'u a lambar wasanka. Wani dillalin na gaskiya ne, wani kuwa da zarar kuɗi sun shiga sai ya toshe lambarka.

Wani ɓangaren sayayyar na ƙuri'a ne. Ka biya, a juya maka faifai ko a buɗe maka akwati, ba ka san abin da zai fito ba. Mafi yawan lokuta tarkace ne, sai ka sake biya. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi a matsayin caca.

Sai kuma satar asusu, wanda yara ke kira kont. Yawanci asusun wasa a ɗaure yake da Facebook ko Google. Ɓarawo zai watso wani adireshi a gurup ya ce a shiga a karɓi lu'ulu'u kyauta, in ka shiga sai a nemi lambar sirrinka. Ka rubuta, shi ke nan: wasan ya tafi, Facebook ya tafi, da hotuna da saƙonnin da ke ciki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kuma cinikin asusu tsakanin yara, alhali dokokin kamfanonin biyu sun hana. Wanda ya sayar yana iya komawa ya ƙwace abinsa ta tsohuwar lambarsa, wanda ya saya kuma ba shi da inda zai kai ƙara a wurin kamfani. Irin wannan ne ke kai iyaye gaban mai gari, ana shari'a kan abin da ba a iya riƙewa a hannu.

Yadda gardama ke zama faɗa

Abin yana da matakai, kuma wanda ya san su zai iya tare shi da wuri.

Yakan fara da bidiyon ba'a da aka kwaso daga TikTok aka jefa a gurup ɗin WhatsApp na unguwa ko na aji. Sai bokal ya biyo baya. Murya ta fi rubutu zafi, kuma ana iya tura ta ko'ina, har ta kai ga wanda aka zaga uwarsa ko garinsu. Daga nan sai ƙalubale: a buɗe ɗaki na musamman a cikin wasa, huɗu da huɗu, a ga wa zai ci. In aka sa kuɗi ko forfe a kai, abin ya zama caca, kuma wanda aka cinye da wuya ya yarda. Zai ce rezo ne ya yanke masa, ko ya ce abokin karawa ya sa manhajar zamba da ke nuna mutum ta bayan bango. Rezo kam yana yankewa, duk mai waya a ƙauyukanmu shaida ne. Masu zamba ma akwai su, har kamfanonin kan sanar da yawan asusun da suka rufe saboda haka. Amma tunda ba alƙali a wurin, ba wanda zai raba gaskiya da uzuri.

Mataki na gaba shi ne taron dangi: ƴan ƙungiya su haɗu su yi ta kai ƙarar asusun mutum ko shafinsa don a rufe shi, ko su ɗauki hotonsa su yi masa ado na wulakanci su watsa. Na ƙarshe shi ne a haɗu ido da ido a wurin mai caji, a tasha, ko a filin lakwal. A babban birni mutum na iya zagin wanda ba zai taɓa gani ba. A nan kuwa wanda ka zaga da dare shi za ka tarar a bakin rijiya da safe, kuma watakila ƙanwarsa ce matar yayanka.

Ba ƴan harbi kaɗai ke da irin wannan ba. A gidajen PlayStation akwai tsohuwar gardama tsakanin masoya PES, wanda kamfanin Konami ya mayar eFootball a 2021, da masoya FIFA, wanda kamfanin EA ya canza wa suna zuwa FC a 2023. Sau da yawa takan haɗu da ta Real Madrid da Barcelona, wuta biyu a murhu ɗaya.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A 2019 majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG, Jodan ma ta hana shi a shekarar. A lardin Aceh na Indunusiya majalisar malamai ta ba da fatawar haramta shi a watan Yuni na 2019. Fakistan ta dakatar da shi na ɗan lokaci a 2020. Indiya ta hana PUBG Mobile a watan Satumba na 2020, ta hana Free Fire a watan Fabrairu na 2022, duka bisa dalilin tsaron bayanai. A Bangaladash kotu ta ba da umarnin rufe duka biyun na wata 3 a 2021. China kuwa, ƙasar Tencent, ta ƙayyade wa yara ƴan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal a mako tun 2021. Ku lura, masu ƙera abin sun sa wa nasu ƴaƴan awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma jerin ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma abin ya ɗauki kimanin shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Saboda haka ba kowane yaro mai wasa ne mara lafiya ba. Abin dubawa shi ne salla, barci, karatu, aikin gona da mu'amala da mutane.

Mun san kuma abin da ke sa dattijai da yawa ƙyamar waɗannan wasanni. A yankin Gidan Rumji da Madarumfa an ga aikin bindiga na gaske, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suke zaune tare da mu. Wanda ya kwana a daji saboda ƴan bindiga ba zai ji daɗin ƙarar harbi daga wayar jikansa ba. Ya kamata samari su san wannan, su sa abin kunne, su kuma san inda za su yi ihun "na kashe shi".

Me dokar Nijar ta ce?

Ƙasarmu tana da dokar yaƙi da laifuffukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. Ta hukunta shiga asusun wani ba da izini ba, da zamba ta intanet, da ɓata suna ko zagi ta hanyar waya. A 2022 an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, amma a watan Yuni na 2024 shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta mayar da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Watsa abin da zai tayar da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam hukuncinsa ya fi haka. Bokal ɗin da aka yi cikin fushi yana nan ajiye a wayoyin mutane, kuma ana iya kai shi jandarmari a matsayin shaida. Magana zarar bunu ce. "Wasa nake yi" ba ta goge abin da aka riga aka tura.

Hamayya ba baƙuwarmu ba ce

Mu mutanen jihar Maraɗi ba wanda zai koya mana son ɓangare. Tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har aka sa wa filin kokawar Maraɗi sunansa, duk shekara ƙasa na rabuwa jiha-jiha. Ana kirari, ana habaici, makaɗa na zuga, cali-cali na ba da dariya. Amma akwai alƙali a tsakiyar fili, akwai dokar da kowa ya sani, akwai manya a zaune, kuma in an ka da mutum sai a tashe shi a rungume juna. Ba a zagin uwar ɗan kokawa don ya faɗi.

Haka wasan taubasai. Bakatsinen Maraɗi da Bagobirin Tsibiri za su yi wa juna ba'ar da baƙo zai ɗauka yanzu za a zare wuƙa, sai ka ga sun ƙare da raba goro. Har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Sirrinta shi ne tana da iyaka: abokin wasa ba ya yi maka gorin abin da ka rasa, ba ya tona asirin gidanku, kuma in ka shiga wahala shi ne farkon zuwa.

Abin da hamayyar waya ta rasa ke nan. Ba alƙali, ba manya, ba iyaka, ba lokacin tashi. Gyaran kuwa a hannunmu yake, don kamfanin da ke Singafo ko Seul ba zai aiko da mai sasanci Gazawa ba.

Shawarwari

Ga iyaye: ku tambayi yaro wane wasa yake yi, da su wa, kuma ina yake samun kuɗin forfe. Ku sa ya nuna muku. Ƙwace waya da duka kan mayar da abin ɓoye ne kawai. Ku yanka lokaci tare da shi, musamman a shekarar jarrabawar BEPC ko BAC da lokacin shuka da noma, kuma waya ta kwana a hannun babba. Kada a bar lambar sirrin asusun kuɗi a wayar da yaro ke wasa da ita.

Ga ƴan cin rani: in za ku aiko da waya, ku aiko da sharaɗi, ku kuma sanar da babban gida. In ƙane ya ce a turo kuɗin konekisiyo ko na takardun lakwal, ku tura ta hannun uwa ko uba. Ku gaya masa da bakinku irin wahalar da aka sha kafin a sayi wayar nan, kuma ba don ya yi wa ɗan maƙwabci gori aka saye ta ba.

Ga shugabannin fada da masu riƙe da gurup: ku kafa doka a fili. Ba zagin iyaye, ba zagin ƙabila ko gari, ba gorin waya, ba sa kuɗi a wasa. Wanda ya karya a fitar da shi na mako guda. In za a kara, a naɗa alƙali daga wata fadar, a kuma amince tun farko da abin da za a yi in rezo ya yanke.

Ga samari: kada ku ba kowa lambar sirri, ko da amini ne. Ku kunna matakin tsaro na biyu a Facebook da Google. Kada ku sayi asusu, kada ku shiga adireshin kyauta. In bokal ya ba ku haushi, ku ajiye waya ku sha ruwa kafin ku amsa. Kuma ku gwada wasan abokan hamayya ko sau ɗaya, watakila ku tarar da abin yabo.

Ga masu gidajen wasa da masu caji: ku ne kuka fi kowa ganin inda hayaƙi ke tashi. Ku hana caca a rumfarku, ku kori yara lokacin lakwal da lokacin salla, ku kuma sanar da manya tun abu bai yi nisa ba.

Za mu kawo wannan batu a filin matasa na gidan rediyonku, inda za mu zaunar da ƴan ɓangarorin biyu tare da malami da wakilin iyaye. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana da bokal, amma don Allah ban da ambaton sunan ɗan kowa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a gida da daji.